Ɗigo biyu a bayan hannun 'yata

'Yata tana da shekara biyu da rabi lokacin da wata kyanwa ta cije ta a bayan hannu, wutsiyarta ta kama tana ja. Da na duba, ɗigo biyu kawai na gani kamar sukar allura, jinin ma bai taka kara ya karya ba. Na goge da auduga, na manna filasta, na rarrashe ta har ta yi barci.

Da asuba kukanta ya tashe ni. Hannun ya kumbura suntum, ya ɗauki zafi, ko yatsa ba ta bari a taɓa. Kafin rana ta yi tsaka zazzaɓi ya rufe ta, ga kaluluwa a hammata, ga wani jan layi yana hawa zuwa gwiwar hannu.

Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, "Malama, minti nawa kika yi kina wanke wurin?" Na ce ban wanke ba. Ya ce haƙoran kyanwa sirara ne, suna nutsewa can ciki, fata ta rufe a kan ƙwayoyin cutar da ke cikin yawunta. Akwai wadda ake kira Pasteurella, ba ta cika kwana ɗaya ba ta fara ɓarna. A hannu kuwa, balle hannun ƙaramin yaro, jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi suna dab da fata, daga nan cutar tana iya shiga jini. Ƙanƙantar raunin da ta kwantar mini da hankali, ashe ita ce haɗarin.

Kwana uku muka yi a asibiti ana ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Aka ɗan tsaga wurin aka fitar da mugunya, aka bar shi a buɗe ba ɗinki. Aka duba katinta na rigakafi saboda ciwon sarƙe haƙora.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da aka tambaye ni ko an yi wa kyanwar rigakafin ciwon haukan kare. Ni a zatona sai kare. Kyanwar ba ta da mai ita, ta kuma ɓace, don haka a ranar aka soma yi wa yarinyar alluran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira.

Bayan wata takwas kare ya yakushi yayanta a ƙafa. Na tara ƙafar a ruwa mai gudana, na yi ta cuɗa sabulu ina kallon agogo har minti 15 suka cika, yana ihu yana cewa, "Mama, ai ba jini!" Ban rufe wurin da komai ba, na saɓe shi sai asibiti.