Wata huɗu da suka raba ni da fansho

Ƙannena masu aiki a ƙasashen waje, da ku masu haramar tafiya, ku saurari abin da ya same ni kafin ku yanki tikitin dawowa.

Na yi aiki a Jamus wata 56. Duk wata ana cire kashi 9.3 cikin ɗari na albashina a zuba a asusun fansho, kamfani ma ya zuba daidai wannan. Ina ganin cirewar a takardar albashi, amma ban taɓa tambayar me take saya mini ba. Da kewar gida ta yi mini yawa, sai na ajiye aiki na haɗa kaya. Bayan na dawo ne na ji cewa a dokarsu sai mutum ya zuba na wata 60, wato shekara biyar, kafin ya samu haƙƙin fanshon tsufa, wanda za a iya aiko masa ko ya koma ƙasarsa ta haihuwa. Wata huɗu kacal suka rage mini. Abin da ya saura shi ne in nemi a mayar mini da kuɗina, shi ma sai an cika wata 24 da barin aiki, kuma kason da aka cire daga albashina kaɗai. Na kamfani ya zauna can. Har yau abin yana ci mini rai, don tambaya ɗaya a ofishin ma'aikata ta isa ta sa in jinkirta tafiya.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Na ɗauka tunda ni ɗan ƙasa ne, idan aiki ya yi jinkirin samuwa akwai abin da zan dogara da shi a gida. Da na je neman tallafi, ba wanda ya damu da fasfona. Tambayoyi biyu aka yi mini: ina ka zauna a shekarun nan, kuma ina shaidar abin da ka zuba? Ba ni da amsar da za ta taimake ni.

A nan na fahimci tallafin gwamnati iri biyu ne. Akwai wanda kake ci saboda ka zuba, kamar fansho da kuɗin rashin aiki. Akwai wanda ake bai wa mabuƙaci, shi kuma yawanci zama yake dubawa. Birtaniya tun 1994, Ailan kuma tun 2004, suna gwada mai neman irin wannan tallafi su ga ko da gaske nan ne mazauninsa, kuma ɗan ƙasa da ya dawo ma ba ya tsallake gwajin. Suna duba gidan da ka kama, inda iyalinka suke, ko kana neman aiki, ko ka yanke alaƙa da inda ka baro. Ni na faɗa tsakiya: a can ban cika ba, a gida kuma shekaru sun wuce ba sunana a kowane asusu.

Don haka, tun ran gini ran zane. Tun kana can ka bincika ko ƙasarka da ƙasar da kake aiki suna da yarjejeniyar haɗa shekarun aiki. Ƙasashen Tarayyar Turai suna yi a tsakaninsu, har da takardar U1 mai nuna watannin da ka yi aiki. Inda babu yarjejeniya, kowace ƙasa nata take ƙirgawa. Ka kuma tambaya ko dokar ƙasarka ta yarda ka ci gaba da zuba wa asusun fanshonka na gida da kanka. Inshorar lafiya ma ka san ranar da za ta yanke, kuma ka tanadi kuɗin da zai riƙe ka da iyalinka aƙalla wata shida.

Sai takardu. Kwantiragin aiki, takardun albashi, wasiƙar barin aiki, lambar inshorar fansho, duk ka ɗauki hotonsu ka adana. Ni na zubar da nawa ranar da nake rage nauyin akwati. Da wata 24 ɗin suka cika na zo cike fom ɗin neman kuɗina, tambayar da ke saman shafi ita ce lambar inshora, kuma sai da na yi wata uku ina aika wasiƙu kafin na same ta.