Katin bashi da ragon layya

Shekara uku albashina na shiga banki ɗaya kafin wata ma'aikaciyarsu ta kira ni ta ce na cancanci katin bashi. Mu a unguwar Nima ta Accra susu muka sani, wato adashi, sai rancen MoMo, wato kuɗin waya, idan wata ya yi nisa. Da kawuna ya ji labari ya ce, "Ɗana, kuɗin ruwa fa riba ce, ka kiyaye." Na ce, "Kawu, in dai na biya duka kafin ranar da suka yanka, ko pesewa ba sa ƙarawa." Gaskiya na faɗa masa, amma rabinta.

Bankuna biyu na zaga. Kowanne ya nemi takardar albashi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, wanda tun Yulin 2022 ba a harkar banki sai da shi. Sun kuma binciki sunana wurin masu ajiye tarihin bashi irin su XDS Data, inda rancen wayar da mutum ya yi wa jinkiri ma kan iya fitowa. Na ɗauki mai ƙaramin kuɗin shekara, na tambayi ruwa, na tambayi ranar biya. Maganar cire tsaba ce ko a raina ba ta zo ba.

Watanni huɗu lafiya lau: in sayi mai da kayan abinci, albashi na shigowa in biya tas. Sai ana jibi Babbar Sallah ta 2023, mun gama ciniki da mai rago, igiya na hannuna, kuɗina ya gaza da sidi 800. Na garzaya ATM na zura katin.

Ashe kwanakin sassaucin nan da ba a ɗora ruwa na sayayya ne kawai. Tsabar da ka cira, daga ranar ruwa ke fara hawa kanta, ga kuɗin cirewa daban. Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce, don a watan Yuli Babban Bankin Ghana ya kai ruwansa kashi 30 cikin ɗari, balle na kati. Na ƙara tafka wata wautar: wata biyu ina biyan ɗan mafi ƙarancin da ake rubutowa a saƙo, ina ganin na sauke nauyi, alhali uwar kuɗin ko gezau.

Kwasar susuna ce ta fitar da ni a wata na uku. Kawu dai ya ci soyayyen naman har ya sa albarka, kuma har yau ban gaya masa da wane kuɗi aka cika ragon ba.