Alhamis a karar Maigatari

Bayan sallar asuba muka bar Kano, muka bi ta Gezawa da Gujungu, muka karya kumallo a Gumel. Hantsi ya dubi ludayi muna shiga Maigatari, bakin iyakar Jigawa da Nijar, inda kasuwar dabbobi ke ci duk Alhamis. Ƙanena mai kiwon turke na rako sayen bijimai.

Kara ta cika maƙil da jajayen Rahaji masu dogon ƙaho da Bokoloji, ga tumakin Uda da raƙuman da suka tsallako daga ƙasar Damagaram. Ƙanen nawa ya shige cikin dillalai, ni kuwa teburan masu sayar da magani suka tsayar da ni. Kwalaben allura ne jere cikin rana tsaka, wasu takardar jikinsu ta koɗe. Makiyayi ya zo ya faɗi abin da ke damun saniyarsa, a miƙa masa kwalba, ba a tambayi nauyinta ba.

Nan na zauna da wani dattijon Bafulatani. Sanin cuta kam ba a nuna masa. Ya lissafo mini boru da sammore da kirci da harbin daji da ciwon huhu, kowace da alamarta da lokacin da take tashi. Na ce, "Baffa, an yi wa garkenka rigakafi bana?" Ya ce, "Malam, ai lafiyarsu ƙalau, me za a soka musu?"

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin rigakafi na mai lafiya ne. Ciwon huhu kan ɓuya a jikin saniyar da ta yi kamar ta warke, tana nan tana harbin 'yan'uwanta a mashaya. Allurar rigakafinsa ana yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato, wadda aka kafa tun 1924, sai dai tana son sanyi, kuma duk shekara ake maimaita ta. In ta kwana a aljihu ta lalace. Da na tuna wa Baffa bushiya, annobar nan mai kashe shanu, sai ya gyara zama, don ya ga ɓarnarta yana saurayi. Rigakafi ne ya kawar da ita, har aka shelanta ƙarewarta a duniya a 2011.

Ban ga laifin Baffa ba. Rugar da malamin dabbobi bai taɓa takawa ba, mai tebur ne likitanta, kuma ba zai ce maka kada a sha nonon saniyar da aka yi wa allura sai bayan kwanaki ba.

Da la'asar ƙanena ya daidaita kan bijimai biyu. Kafin mu loda, na sa ya yi mini alkawari zai ware musu turke nesa da na gida har mako uku, likita ya duba su, sannan su haɗa kwamin ruwa da sauran.