Baƙon da ya riƙe Salford

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Salford akwai wani dattijo da ba shi da zance sai na zari-ruga, irin ta arewacin Ingila mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare. A bakinsa na fara jin sunan Lance Todd.

Ashe Todd ɗin ma baƙo ne. Mutumin New Zealand ne, ya zo Ingila a 1907 cikin tawagar ƙasarsu, aka gama rangadi shi bai koma ba. Ƙungiyar Wigan ta ɗauke shi a 1908, da shi ta ci lig a 1909 da kofin Challenge a 1911. A 1928 ya zama manajan Salford, ya yi ta tsinto yara masu hazaƙa irin su Gus Risman daga Wales, har kulob ɗin ya ci lig sau uku, 1933 da 1937 da 1939, ya kuma ɗauki kofin Challenge a Wembley a 1938. Laƙabin Jajayen Shaiɗanu ma a zamaninsa Faransawa suka laƙaba musu, a 1934. Ya mutu a hatsarin mota a Oldham a 1942, kuma tun 1946 gwarzon wasan ƙarshe na kofin Challenge kyauta mai sunan Todd ake ba shi.

To wannan dattijon da ke kiran Todd "namu", 'yarsa ce ta tsaya a bakin ƙofa, ina riƙe da tawul, ta ce da shugabarmu ta fi son ɗan ƙasa ya riƙa yi wa mahaifinta wanka. Ban ce uffan ba, amma wallahi har yau abin na ci mini rai. Ni na san yadda yake son shayinsa, ni nake lallashinsa ya sha magani idan ya ƙi. Ita sai ran Lahadi take leƙowa. Shekara nawa mutum zai yi a nan kafin a ce da shi namu?

Abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne a Wigan aka binne Todd. Ranar da Baba ya rasu a Katsina ina bakin aiki, kafin in tashi har an kai shi makwancinsa. Hoton jana'izar Yaya ya turo mini ta WhatsApp. Inna kuwa duk Juma'a tambayarta ɗaya ce: "Auta, yaushe za ka zo?" In ce sai an yi hutu, in sha Allahu. Ginin da nake turo wa kuɗi ya kai linta ya tsaya, saboda kuɗin makarantar 'ya'yan Yaya ya fi gaggawa. 'Yata kuma, da aka haifa a nan, idan Inna ta yi mata Hausa a waya sai ta juyo ta kalle ni in fassara mata.