Mutum nawa ne suka dawo?

Talata, da daddare.

Barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta. Yau muka gana da mai zuba jarin da muka yi wata 2 muna neman ya saurare mu. Minti 30 ya ba mu, ta bidiyo. Kwana uku ni da abokin tafiyata muka yi muna gyara shafukan bayanin manhajarmu, amma ko shafi na huɗu ban kai ba ya ɗaga hannu.

"Dakata. Cikin waɗanda suka sauke ta a watan jiya, mutum nawa ne suka dawo?"

Na ce, "Yallaɓai, waɗanda suka sauke dai sun haura 900." Ya ce ba su ya tambaya ba. Nan bakina ya mutu. Na ga abokina yana ta laluben kwamfuta, yatsunsa na rawa, da ƙyar ya zaƙulo adadin: 140. Ina jiran ya sallame mu, sai na ga ya cire tabarau ya matso. Su wane ne? Me suke yi da ita kullum? Akwai wanda ya biya ko kuwa duk kyauta ce? Ya kawo mana labarin Instagram, yadda Kevin Systrom da Mike Krieger suka fara da wata manhaja mai suna Burbn, da suka ga hotuna ne mutane suka fi so sai suka watsar da sauran a 2010. Abin da yake son sani shi ne ko mu ma idonmu na kan mutanenmu haka.

Daga nan ya juyo kanmu. Tun yaushe muka san juna, wa ke rubuta manhajar, wa ke fita neman abokan ciniki, mun taɓa saɓani kuwa? Sai batun hannun jari. Da ya ji mun raba biyu da baki kawai, babu takarda, ya girgiza kai. Ya ce abin da aka saba shi ne kowa ya mallaki rabonsa kaɗan-kaɗan cikin shekara 4, wanda ya fice kafin shekara guda ba shi da komai. Maganar ta yi min nauyi, don abota ce ta haɗa mu, amma gaskiyarsa ce.

Girman kasuwa, da na fi ɓata lokaci a kai, tambaya ɗaya ya yi ya wuce. Kuɗin da ke hannunmu kuma ya tambayi wata nawa zai kai mu.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce mu turo masa alƙaluman duk ƙarshen wata har wata uku. Na riga na fitar da sunayen mutum 140 ɗin nan. Gobe da safe zan fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, in ji me ya dawo da su.