Hannu uku a jikin bindiga ɗaya

Ina shekara ta biyar da koyon aikin ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a nan Kumasi, wani abokina daga Aboabo ya shigo shagonmu da ƙaramar bindigar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, a naɗe cikin tsumma. An raba gado, ta faɗo a kasonsa. Ya riga ya je wajen 'yan sanda kan maganar rajista, tunda lasisin mamaci ba ya bin gado kamar fili. Buƙatarsa ɗaya: a goge ta ta yi ƙyalli.

Har na ɗauko samfefa, Maigida ya riƙe mini hannu. "Kai yaro, ka karanta ta tukuna?"

Ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Colt Woodsman ce mai cin harsashi .22, ta gasar harbi, ƙirar John Browning, wadda kamfanin Colt ya yi ta fitarwa daga 1915 zuwa 1977. Ya sa na shafa tambarin kamfanin mai hoton doki da farce. Gefen haruffan na nan da kaifinsu. In an taɓa goge bindiga aka sake rina ta, in ji shi, rubutun ne ke fara tona asiri, sai ya kwanta kamar tsohon kwabo.

Sannan ya nuna mini dogon ƙarfen da ke kwance bisa bututun, mai ɗauke da saitin. Baƙinsa bai zo ɗaya da na jikin bindigar ba, kuma ga KING an buga ƙanana. Ni da na ɗauka faci ne! Ashe aikin wani shagon maƙeran bindiga ne na San Francisco a Amurka, da masu gasa ke aika wa bindigoginsu. Da samfefar nan ta taɓa wurin, da darajar ta bi ruwa.

Da muka cire mariƙin katakon kuwa, sai ga sawun magagari a ciki, inda ba wanda zai gani. An sassaƙa wa babban yatsa mazauni daidai hannun mutum ɗaya. Tun ranar, ko kan injin mota aka kawo mini, sai na leƙa ɓoyayyen gefen kafin na taɓa fuskar, don inji yana barin layi a jere, hannu kuwa yakan yi numfashi.

Abin da ya fi faranta wa Maigida rai shi ne wani sukuru guda a mariƙin, tsagarsa a ɗan karkace. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, ya ce wannan kam na gida ne, wani maƙeri ya yanka shi da hannu da na asalin ya ɓata.

Mai kawai muka shafa mata. Abokina ya mayar da ita cikin tsumman, yana ta tambayar ko hannun Babansa ne aka auna.