Wasiƙa zuwa ga mutanen Jos, daga wani garin kan dutse da ruwa ya ci

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana mutanen Jos. Ina gaishe ku da damina, ina tambayar lafiyar iyali da ta unguwa. Ya ruwa? Na san amsar da za ku ba ni ita ce wadda muka tashi muna ji, ruwa ya yi gyara. Allah ya sa gyaran ya ɗore har kaka.

Ni haifaffen Gangare ne. Na daɗe ina jan babbar mota, ina ɗaukar tumatir da kabeji da dankalin Turawa daga Farin Gada zuwa Kudu, kafin Allah ya kawo ni Amurka, inda har yau sitiyarin nake riƙe da shi. Garin da nake zaune sunansa Asheville, a yammacin jihar Karolina ta Arewa, cikin duwatsun Appalachia. Abin da ya sa na zaɓe shi ba wani abu ba ne illa kamarsa da gida: sanyi, hazo da asuba, duwatsu ta kowace kusurwa, hanya mai hawa da gangara.

Kwanakin baya, bayan ambaliyar Mokwa ta ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, na kira wani aminina a Rikkos muna jajanta wa juna. Da za mu yi sallama sai ya ce, "To mu dai alhamdulillahi a kan tudu muke." Na kasa barci a daren. Wannan maganar, da kusan waɗannan kalmomin, na ji ta a bakin maƙwabtana Turawa kafin watan Satumba na 2024. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Helene ta taso ne daga tekun Karibiyan, ta ratsa ruwan ɗumi na mashigin tekun Meksiko tana ƙara ƙarfi, ta afka wa gaɓar Fulorida a daren Alhamis 26 ga Satumba. Tsakaninmu da inda ta sauka akwai ɗaruruwan kilomita. A tunanin kowa, guguwar teku matsalar mutanen bakin teku ce. Su ne ma suke gudowa wurinmu su fake in an yi musu gargaɗi. Amma tun ranar Laraba ruwa yake sauka a kan duwatsunmu, ba ƙaƙƙautawa, irin markar watan Agusta da ke hana mata shanya. Kafin ita guguwar ta iso, ƙasa ta riga ta ƙoshi. Ka taka ciyawa ruwa ya ɓulɓulo ta gefen takalminka. Kamfaninmu ya ce a ajiye motoci, na koma gida na zauna da iyali.

Da asubar Juma'a iska ta iso tare da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wayoyinmu suka riƙa kuka da kansu, saƙon gargaɗin hukuma na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Bishiyoyi suka fara zubewa, saiwarsu ba ta da abin kamawa a cikin taɓo. Wuta ta ɗauke. Can da hantsi sabis ɗin waya ma ya tafi. Ranar ba mu sami zuwa Juma'a ba.

Gidan da nake haya yana kan gangara, sama da kogi sosai, saboda haka ruwa bai shigo mana ba. Da yamma na taka zuwa gadar da ke haɗa unguwarmu da cikin gari. Kogin French Broad, wanda yara ke wasa a kansa da bazara cikin tayoyin roba, ya zama wani abu ja mai ruri. Na ga kwantena irin wadda nake ja tana juyi a kan ruwa kamar gwangwanin madara. Na ga tankunan gas, da rufin gida sukutum, da motoci. Mutane sun cika gadar, ba mai magana. Ruwan ya haura ƙafa 24 a ma'aunin da ke cikin gari, ya wuce na babbar ambaliyar 1916, wadda tsofaffin garin suke ba da labarinta kamar yadda suka ji daga kakanninsu. Unguwar masu zane da sana'ar hannu da ke bakin kogin ta nutse, unguwar Biltmore Village ta nutse, garin Swannanoa ya yi kaca-kaca, ƙauyen Chimney Rock kuwa ruwa ya kwashe tsakiyarsa ya zuba a tafkin Lure.

Bari in tsaya a kan abin da ya sa dutse yake ƙara wa ruwa mugunta, domin nan ne maganar ta shafe mu. Iska mai ɗauke da danshin teku in ta ci karo da dutse dole ta hau. In ta hau sai ta yi sanyi, in ta yi sanyi sai ta sauke abin da ta ɗauko, kamar an matse tsumma. Dalilin da ya sa Jos ta fi wasu garuruwan da ke ƙasanta samun ruwa ke nan, mu da muke sama da mita 1,200, ga duwatsun Shere a kanmu. A wani ƙauye da ake kira Busick, kusa da dutsen Mitchell, an auna ruwan sama kusan inci 31 cikin kwana 3. Wato fiye da rabin abin da Jos ke samu a damina guda. Sannan ruwan da ya sauka a kan fili yana bazuwa ne, ya kwanta, ya taso a hankali, mutum ya ga zuwansa ya kwashe tabarmarsa. Wanda ya sauka a kan dutse ba ya kwanciya. Kowane kwazazzabo yana miƙa nasa ga na ƙasa da shi, su haɗu a kwari ɗaya a lokaci ɗaya, da gudu. Duk direban da ya taɓa sauka Hawan Kibo da cikakken lodi ya san abin da nauyi yake yi in ya sami gangara. Ruwa kuma ba shi da birki.

Ba ruwa kaɗai ne ke saukowa ba. Ƙasar da ta jiƙe ta yi nauyi sai ta saki dutsen da take kai, ta zaftaro da bishiyoyi da manyan duwatsu. Masana sun ƙirga irin wannan zaftarewar wajen 2,000 a yankin. A Fairview, ba nisa da mu, mutum 11 'yan dangi ɗaya suka rasu a ƙarƙashin laka. Gidajensu ba a bakin babban kogi suke ba. Ɗan rafi ne a gefensu, irin wanda yaro zai tsallake ba tare da ya naɗe wando ba. A Erwin, cikin jihar Tenesi, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum sama da 50 daga kan rufin asibiti. Gaba ɗaya guguwar ta ci rayuka fiye da 200, sama da 100 daga cikinsu a jiharmu, mafi yawa a cikin duwatsu, nesa da teku.

Babbar hanyar da nake bi zuwa Tenesi, I-40, tana ratsa wani matsattsen kwari ne a gefen kogin Pigeon. Kogin ya ci gindinta, hannu guda na kwaltar ya rufta ciki. Watanni muka yi muna zagaye ta jihar Bajiniya, sai a watan Maris na 2025 aka buɗe ta, ita ma layi ɗaya kowane ɓangare. Ranar da na fara bin ta na ga inda titi ya ƙare a sararin Allah, na tuna sau nawa na wuce nan da dare ina sauraron karatu.

Abin da ya fi ba mutane wuya bayan ruwa ya janye shi ne rashin ruwa. Manyan bututun da ke kawo ruwa daga madatsar North Fork sun tafi da ambaliyar. Famfo ya ƙafe a garin da yake kewaye da koguna. Ruwan sha mai tsabta bai dawo ba sai ranar 18 ga Nuwamba, bayan kwana 53. A nan ne tarbiyyar gida ta yi mini rana. Na san yadda ake wanka da rabin bokiti, na san a ware jarkar sha daban da ta wanki, matata ta san yadda ake tace ruwa a tafasa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai zaman kaɗaici, ni nake ɗebo mata ruwan rafi na zuba a bayan gida kowace safiya, ita kuma ta ba mu murhun gas ɗinta na zango. Katin banki ya daina aiki, sai mai tsabar kuɗi. Labari sai a rediyo, mu taru a jikin mota ɗaya muna saurare kamar a majalisar mai shayi. Can cikin lungunan duwatsu inda gadoji suka karye, da alfadarai aka riƙa kai wa mutane abinci da magani. A Amurka fa. Kuma mafi yawan waɗanda gidajensu suka tafi ba su da inshorar ambaliya, domin ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa mai gida a kan dutse yana bukatarta.

Kwanaki aka yi ba a ji ni ba a gida. Da sabis ya dawo na kira Inna, ba ta ce komai ba sai kuka, sannan ta ce, "Na ga ruwan a wayar ƙanenka, irin na shekarar nan ne." Na gane shekarar da take nufi. Daren Lahadi 22 ga Yuli, 2012, a farkon azumi, ruwa ya sauka na sa'o'i, madatsar Lamingo ta tumbatsa, rafi ya cika ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo mutane suna cikin ɗaki. Sama da mutum 30 suka rasu, da yawa yara ne, gidaje wajen 200 suka rushe. Ina cikin waɗanda suka bi gaɓar kogin Dilimi da safe ana neman gawa. Ba na son in faɗi abin da na gani. Wata guda bai cika ba ruwa ya sake yin ɓarna a kudancin jihar, wajen Shendam da Langtang da Wase. To, aminina da ya ce a kan tudu muke, a Rikkos yake zaune. Shekara 13 kacal.

Ban ga laifinsa ba. Ɗan Adam yana mantuwa, ita ce ma take ba shi damar ci gaba da rayuwa. Kuma gaskiya ne guguwar teku irin Helene ba ta zuwa ƙasarmu. Amma abin da ya kashe mutane a nan ba sunan guguwar ba ne. Ƙasa ce da ta ƙoshi da ruwan kwana biyu, sai aka ƙara mata na uku, a wuri mai gangara, da gidaje a bakin rafi. Wanne ne babu a Jos a watan Yuli da Agusta? Sunayen unguwanninmu ma sun faɗa mana: Gangare, Dutse Uku, Tudun Wada, Gada Biyu, Farin Gada. Garin yana kan tudu, amma ba kowa ne a cikinsa yake kan tudu ba. Kogin Kaduna da na Gongola daga tsaunukanmu suke faro tafiya, kuma kafin ruwa ya kai ga mutanen nesa, ta ƙofar gidan wani yake fara wucewa.

Na san masu gini a bakin rafi ba don sha'awa suke yi ba. Filin can ne talaka yake iya saye, wani ma gado ya ci. Ba zan zauna a nan in ce wa mai 'ya'ya takwas ya rushe ɗakinsa ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne. In an kwana biyu ana marka, sannan hadari ya sake haɗowa da magariba, mai gida a bakin rafi ya kwashe yara da tsofaffi su kwana a gidan ɗan'uwa a sama, ko da sau goma za a yi haka ba abin da ya faru. A nan na ji mutane da yawa suna cewa sun ga saƙon gargaɗi, suka ce bari gari ya waye. In rafi ya canza launi farat ɗaya ya yi ja, ko ya fara kawo itace da shara daga sama, ko aka ji ruri kamar tirela na tahowa, lokacin ɗaukar kaya ya wuce, a ɗauki rai kawai. Direbobi 'yan'uwana da masu Keke, kada ku shiga ruwan da ke gudu a kan kwalbati don kun san hanyar. Ba ku san ko hanyar tana nan a ƙarƙashi ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA tana fitar da na ambaliya, amma takarda a Abuja ba ta tayar da mai barci a Unguwar Rogo. Mai unguwa ne zai tayar da shi, da ladan mai lasifika, da fasto mai ƙararrawa, da matasan da suke da lambar kowa a waya. Sharar da muke juyewa a lambatu da ƙarƙashin gada muna cewa ruwa zai tafi da ita, ita ce take toshe kwalbati ta mai da shi madatsa.

Har yanzu in na bi ta bakin kogi a nan ina ganin layin laka a jikin wasu gine-gine, sama da tagogi, wani wurin kusa da rufi. Yaro ma in ya gani ya fahimta, ba sai an yi masa bayani ba. A Jos layin 2012 ya goge, an yi sabon yaɓe, an yi fenti, waɗanda aka haifa a shekarar sun shiga sakandare. Amma dattawan da suka ga inda ruwan ya tsaya suna nan da ransu. Na tura wa ƙanena kuɗin galan ɗin jan fenti da buroshi, na ce ya nemi izinin mai unguwarmu, ya ɗauki dattijo biyu su nuna masa daidai inda ruwa ya kai a jikin katangar masallaci da ƙafar gada, ya ja layi, ya rubuta shekarar a kai. Ya ce mini ranar Asabar za su fita. Ina roƙon mutanen Rikkos da Unguwar Rogo, in kun gan su, ku nuna musu naku wurin.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Jos da Mokwa da nan, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam,
Ɗan'uwanku ɗan Gangare, daga Asheville.